Ƙawancen birane: wa zai sa hannu, wa zai riƙe kuɗi, kuma da wa za a ƙulla?

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata ƙungiyar ci gaban gari ce take son ƙaramar hukumarsu ta ƙulla ƙawance da wani birni na ƙetare, irin wanda ke tsakanin Legas da Atlanta tun 1974, ko Tamale da Louisville tun 1979. Ta ina ake farawa? Wa ke sa hannu? Kuma me ya sa galibi da an ɗauki hoto an yi musayar kyaututtuka sai a ji shiru? Masana a taimaka mana da bayanin da za a iya aiki da shi.

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki ta biyu, don a nan ake fara tuntuɓe. A Amurka ko Faransa ko Jamus birni yana da magajin gari ɗaya da majalisa ɗaya. Majalisa ta amince, shi ya sa hannu, magana ta ƙare. Mu a Najeriya babu wannan kujerar a tsarin mulki, sarautar Magajin Gari ta gargajiya kuwa abu ne daban. Abin da muke kira birnin Kano ƙananan hukumomi 8 ne: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. To idan wani magajin gari ya rubuto wa Kano wasiƙa, teburin wa za ta sauka? Ko dai gwamna ya karɓa, abu ya zama tsakanin jiha da birni, ko ƙaramar hukuma ɗaya ta karɓa da sunanta. A yanke wannan tun kafin a rubuta wa kowa.

Na biyu, harkar waje ta gwamnatin tarayya ce ita kaɗai, kuma sashe na 12 na kundin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Ƙasa ta mayar da ita doka. Saboda haka abin da ciyaman zai sa wa hannu takardar fahimtar juna ce kawai, kada a cusa bashi ko lamuni a ciki. A fara da ƙudurin majalisar kansiloli, a rubuce cikin littafin zama, da kwanan wata. Sai wasiƙar amincewa daga Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi ta jiha. Sai a sanar da Ma'aikatar Harkokin Waje, a aika kwafi ga ofishin jakadancinmu da ke waccan ƙasar. Abin da za a yi alkawari kuma ya tsaya cikin hurumin ƙaramar hukuma yadda jadawali na huɗu ya zayyana: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, gidan wanka da ba-haya, sai hannu a firamare da kiwon lafiya. Ciyaman ya yi alkawarin jami'a ko filin jirgi, ya yi alkawarin abin da ba nasa ba.

Alhaji Issufu: Barista Allah ya ƙara sani. A Nijar wannan damuwar ta zo da sauƙi, tunda daga zaɓen 2004, kafin a rushe su a 2024, kowace komin, wato ƙaramar hukuma, tana da majalisa da magajin gari, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ba su izinin hulɗa da takwarorinsu na waje. Shi ya sa jumelaj, wato ƙawancen birane, ya yi yawa a nan: Tasawa da Conflans-Sainte-Honorine, Dogondutsi da Orsay, Filinge da Athis-Mons, Tilaberi da Juvisy, Damagaram da gundumar Val-de-Marne, yankin Agadas da Côtes-d'Armor.

Amma a san daga ina kuɗin ke fitowa, kada a zaci daga aljihun magajin gari ne. Dokar Faransa ta 1992 ce ta halatta wa garuruwansu ƙulla yarjejeniya da garuruwan waje. Sai dokar Oudin-Santini ta 2005, wadda ta ce gari ko hukumar ruwa na iya ware har kashi 1 cikin 100 na kasafin ruwa da magudanansa don aikin ruwa da tsafta a wata ƙasa. A 2014 aka yi wa shara irin wannan. Misali: garin da kasafin ruwansa ya kai yuro miliyan 2, iyakarsa yuro 20,000 a shekara. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wato kusan sefa miliyan 13. Ba kuɗin gina gari ba ne. Amfaninsa shi ne da shi ake jawo wasu, hukumar ruwan yankinsu ta ƙara, ma'aikatar harkokin waje ta ƙara, wani sa'in Tarayyar Turai. Kuma kuɗin ruwa, ruwa kaɗai yake yi. Ka je musu da maganar ɗakin taro ko motar ofis, ko suna so doka ta ɗaure su.

Dakta Mansur: Alhaji, ranka ya daɗe, ina da ja. Tun ba a je ko'ina ba mun mayar da abin neman tallafi, kuma wannan ce amsar tambayar Malam Habibu ta uku. Asalin abin ba agaji ba ne. Coventry ta Ingila da Stalingrad sun ƙulla a 1944 ne saboda duka biyun yaƙi ya ragargaza su, bayan mata 830 na Coventry sun ɗinka sunayensu a jikin mayafin tebur sun aika. Ludwigsburg ta Jamus da Montbéliard ta Faransa sun ƙulla a 1950, shekara 5 kacal da ajiye makamai, don 'ya'yan waɗanda suka kashe juna su san juna. A 1956 shugaba Eisenhower ya kira taro a fadarsa a kan hulɗar jama'a da jama'a, daga nan aka samu ƙungiyar Sister Cities International. A Amurka har yau yawancin kwamitocin nan 'yan sa-kai ne, malaman makaranta da 'yan fansho da 'yan kasuwa, kuɗinsu na karo-karo ne da liyafar tara gudummawa. Ka aika musu jerin buƙatu a wasiƙar farko, za su amsa cikin ladabi sau ɗaya, ba za ka ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Injiniya Lawal: Dakta tarihin daidai ne, amma ba shi ke nan ba. Loudun da Wagadugu sun ƙulla a 1967, Angers da Bamako a 1974, kuma abin da ya raya su aiki ne: asibitocin unguwa, makarantu, ruwa, horar da ma'aikata. Ko ita Sister Cities International a 2009 ta samu dala miliyan 7.5 daga gidauniyar Gates don ayyukan ruwa da tsafta da lafiya a biranen Afirka masu ƙawance da na Amurka. Wanda ba shi da ƙawa a lokacin bai shiga layi ba. Ziyara da rawa kaɗai ba sa riƙe mutane shekara 10. Dole a samu wani aiki da zai sa mutum biyu su riƙa kiran juna kowane mako.

Dakta Mansur: Ban ƙi aiki ba Injiniya. Cewa na yi kowane ɓangare ya zo da abin da zai bayar. In ɗaya kullum shi ke miƙawa ɗaya na karɓa, ranar da mai miƙawa ya canza majalisa, ko 'yan adawarsu suka tashi suka ce me ya sa ake kai kuɗin harajinmu waje, babu wanda zai tsaya ya kare abin.

Malam Habibu: To a nan mun daidaita. Yaya ake zaɓen garin?

Hajiya Balaraba: Ƙwarya ta bi ƙwarya, Malam. Kowa Landan yake so, ko Dubai, ko Istanbul. Manyan biranen nan suna da ƙawaye da dama, wasiƙar ƙaramar hukuma ba za ta wuce teburin sakatare ba. A nemi gari matsakaici wanda akwai abin da ya haɗa ku: sana'a iri ɗaya kamar jima ko rini ko noman rani, matsala iri ɗaya kamar ambaliya, ko jami'ar da ake koyar da Hausa, irin su Hambug da Warso. Mafi ƙarfi duka shi ne a ce akwai 'yan garinku mazauna can. Su ne za su shiga ofishin magajin gari da ƙafarsu, su ne masu zaɓe a can, su za a saurara.

Malama Zuwaira: Hajiya, girma ba lallai ya zo ɗaya ba. Loudun ba ta kai mutum 10,000 ba, ga ta da babban birnin ƙasa guda. Hay-on-Wye ta Wales ƙauye ce, amma a 2007 ta ƙulla da Timbuktu saboda ita garin shagunan littattafai ce, Timbuktu kuma garin tsofaffin rubuce-rubuce. Dalilin haɗuwa ya fi yawan jama'a muhimmanci.

Hajiya Balaraba: Na karɓa Malama. Abin da nake gudu shi ne hangen nesa da barin na kusa. Bari in shiga maganar kuɗi da kwamiti, don a nan abin ke mutuwa a ɓangarenmu.

Wa'adin ciyaman a jihohi da yawa shekara 2 ko 3 ne, wani lokacin ma kantoma ne na wata 6. Magajin gari a Faransa shekara 6 yake yi. Kafin su gama nazarin aiki ɗaya mun canza shugaba sau biyu, sabon kuma bai san da zancen ba, fayil ɗin ya bi tsohon gida. Maganinsa kwamitin da ba ya tashi da tashin ciyaman: wakilin majalisa, wakilin hakimi ko masarauta, shugaban makaranta, ma'aikacin lafiya, wakiliyar mata, ɗan kasuwa, matashi. Mutum 7 zuwa 9 sun isa. A yi masa rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi a matsayin amintattu, a karɓi takardar SCUML, wato sashen da ke sa ido kan halatta kuɗin haram, don banki ba zai buɗe asusun ƙungiya ba sai da ita. A buɗe asusu biyu, na naira da na kuɗin waje, kowanne sai da sa hannun mutum biyu. A sa ma'aikaci ɗaya na dindindin a sakatariya, ba ɗan siyasa ba, wanda aikinsa amsa saƙo ne cikin mako guda da ajiye kwafin komai. Adireshin imel ya zama na kwamiti, kada ya zama na wani mutum.

Kada kuɗin aikin ya shiga babban asusun ƙaramar hukuma, zai narke cikin albashi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma wannan bai hana kuɗin da aka cakuɗa ɓacewa ba. Kasafin kuma a rubuta shi da kuɗin mai bayarwa, a riƙa canzawa kashi-kashi daidai lokacin biya. Wanda ya canza komai zuwa naira a farkon 2023, lokacin dala tana wajen 460 a farashin hukuma, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, kuɗin famfo uku ba su sayi ɗaya ba. A saki kuɗi kashi uku, kowane kashi sai an ga rasit da hoto mai kwanan wata na wanda ya gabata. Kuma ƙaramar hukuma ta zuba nata, ko fili ne, ko leburori, ko kashi 10 cikin 100. Abin da ba ka sa ko sisi ba, ba ka gadinsa.

Alhaji Issufu: Hajiya ta taɓo inda ke mana ciwo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta dakatar da taimakon raya ƙasa, daga baya ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun komin-komin aka naɗa kantomomi. Kun ga wanda ya sa hannu ba ya kan kujera, hanyar kuɗi ta toshe, biza ta gagara. Duk jumelaj ɗin da ya dogara ga ofis da ofis ya kwanta. Inda ake ɗan jin motsi shi ne inda akwai ƙungiyar jama'a a kowane ɓangare da suka san juna da suna.

Barista Hadiza: Ba mu kaɗai ba ne Alhaji. Osaka ta yanke da San Francisco a 2018, bayan shekara 60 ana tare, a kan wani mutum-mutumi na tunawa da matan da sojojin Japan suka ci zarafinsu lokacin yaƙi. Prague da Bejin sun rabu a 2019 saboda wani sashe da aka sa a takardar a kan matsayin Taiwan. Ita kanta Coventry ta dakatar da Volgograd, wato tsohuwar Stalingrad, a 2022 saboda yaƙin Yukren. Shawarar lauya a nan gajeriya ce: kada a yarda a sa matsayin siyasar ƙasa a takardar gari. Masu sha'awar biranen Sin kuma su sani can ba magajin gari ke da ta cewa shi kaɗai ba, akwai ƙungiyar abota da ƙasashen waje ta gwamnati da ke ba da amincewa, don haka abin na ɗaukar lokaci, kuma sukan zo da rubutacciyar takardarsu. A karanta ta layi-layi.

Injiniya Lawal: Bari in yi maganar kayan kyauta, don shi ne abin da aka fi murna da shi kuma aka fi asara a kai. Garuruwan Turai suna sauya motocin kashe gobara da na asibiti da na shara bayan wasu shekaru, suna kuma son bayarwa. Kafin a ce na gode, a tambayi waɗannan.

Sitiyari a wane hannu yake? Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama ba ta halatta ba, juya shi kuma a babbar mota tsada ne da haɗari. Injin wane iri ne? Sababbin manyan motocin Turai suna buƙatar ruwan AdBlue mai tsabtace hayaƙi da gas mai tsabta ƙwarai, in ba haka ba matatar hayaƙi ta toshe, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi, bakanike kuma ba shi da na'urar karanta ta. Tsohuwar mota mai injin da ba ruwansa da kwamfuta ta fi mana amfani. Bakin mesar kashe gobara fa? Na Jamus, wanda ake kira Storz, ba ya shiga na Ingila, sai an haɗo da mahaɗi. Motar shara mai matsewa an ƙera ta ne don takarda da gwangwani da roba. Shararmu rabi ƙasa ce da toka, nauyi gare ta ba ta matsuwa, yashi ya cinye robobin haidurolik cikin 'yan watanni. Tifa da tarakta mai tirela da baro sun fi ta.

Kayan asibiti daga Amurka wutarsu 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 230 ce mai bugu 50. Taransifoma zai gyara ƙarfin wutar amma ba ya gyara bugun, sai injin ya riƙa juyi ƙasa da ƙa'ida da kusan kashi ɗaya cikin shida yana zafi. Na'urar gwajin jini kuma in ba a sayar da sinadarinta a ƙasar, ranar da wanda aka haɗo ya ƙare ta zama kwalliya. Magani kuwa, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ya iso da sauran aƙalla shekara guda kafin ya lalace, kuma sai da izinin NAFDAC.

Sai kwastan. Kyauta ba ta nufin babu haraji. Takardar yafe haraji daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ake nema, kuma a same ta kafin kwantena ta bar can. In ta iso Legas babu takarda, bayan 'yan kwanakin alfarma kuɗin ajiya da na kamfanin jirgi za su riƙa hawa kullum har su fi kayan daraja. A rubuta a takarda wa zai biya jirgi, wa zai biya fito, wa zai biya mota zuwa gida.

Alhaji Issufu: Mu namu ya fi haka, Injiniya, tunda aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da ke bin Kwatano suka koma Lome a ratso Burkina Faso da rakiya. Shi ya sa ya fi a turo kuɗin a sayi abin a nan. Famfo ma haka ne. Ƙa'idarmu famfo ɗaya ga mutum 250, kuma a sa irin wanda ake samun kayan gyaransa a kasuwar kusa, India Mark II ko Vergnet mai takawa da ƙafa. A auna ruwan tukuna, in yana da tsami bututun ƙarfe zai yi tsatsa, sai a sa na roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Gari irin Damagaram da ke zaune a kan dutse, wanda ruwansa daga Gogo da Arunguza da Ganaram ake jawo shi, haƙa ba tare da binciken ƙasa ba zubar da kuɗi ne. Sannan tun ranar farko a tsayar da kuɗin jarka da wanda zai riƙe asusun gyara.

Malama Zuwaira: Ku dawo da mu kan musayar al'adu, don ita ce sunan abin. Tafiya ce ta fi komai tsada, ita ce kuma aka fi ɓatawa. Tawagar farko kada ta wuce mutum 4 ko 5, rabinsu masu aikin da hannunsu: malamar makaranta, injiniyan ruwa, majemi ko marini. In aka cika jirgi da 'yan siyasa masu bin kuɗin guzuri, masu masauki suna ganewa tun a cin abincin farko.

Bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ce ga babba tun Yunin 2024, ba a mayarwa in an hana. Sai inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata 6, don haka a nema da wuri, samun ranar ganawa ma aiki ne. Wasiƙar gayyata ta fito daga ofishin magajin gari, da sunan kowa yadda yake a fasfo, da jadawalin kowace rana, da wanda ya ɗauki nauyin masauki. Kuma a faɗi gaskiya: mutum ɗaya ya sulale ya ƙi dawowa, ya rufe wa garin ƙofa shekaru. A zaɓi masu aiki da iyali da abin komawa.

Ga ɗalibai, kada a fara da jirgi. A fara da aji biyu su yi aiki ɗaya tsawon zango, misali kowanne ya auna ruwan saman garinsa ko ya rubuta yadda ake biki a gidansu, a riƙa musaya ta intanet, a yi ganawar bidiyo sau ɗaya a wata. Malami biyu masu himma sun isa. In tafiya ta zo, sai da rubutaccen izinin iyaye, malama mace tare da 'yan mata, a kuma gaya wa masu masauki maganar abincin halal da wurin salla tun kafin a tashi. Baƙin da za su zo mana, Disamba zuwa Fabrairu ya fi, duk da hazo kan hana jirgi sauka. Maris zuwa Mayu zafi ya haura 40. Hutunsu na Yuli da Agusta tsakiyar damina ne da sauro. A duba azumi ma, tunda kowace shekara yana matsowa da kwana 11. Su zo da katin rigakafin cutar shawara, a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya.

Dakta Mansur: A ƙara da abin da ake ɗauka a jaka. Kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga Tarayyar Turai a kayan matafiyi, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Jiminar Najeriya da Nijar tana cikin jeri na ɗaya na yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin namun daji da ke neman ƙarewa, don haka mafici ko takalmin gashin jimina matsala ne. Goge da kukuma da aka rufe da fatar guza, da jakar fatar mesa ko kada, sai da takardar izini. Tsohon kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Masu mafarkin kai hawan daba Turai kuma su haƙura da dawakin, dokokin cutar dawaki ta Afirka ba za su bari ba. A kai sirdi da lifidi da jalala da algaita da hotuna, hawan kuma su zo su gani a Kano, wanda UNESCO ta sa a jerinta na al'adun gado a 2024. Ga abin da nake cewa muna da shi na bayarwa.

Alhaji Issufu: To ni in tambaya. Me ya sa sai Turai? Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, sarautar Maraɗi daga Katsina ta fito, har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Illela da Birnin Ƙonni suna kallon juna, haka Kamba da Gaya, Daura da Matamaye, Ɓaɓura da Magarya. Babu tafinta, babu jirgi. Aikin yi kuma ga shi jibge. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya ratsa Maraɗi, ya koma ya faɗa Rima, to ranar sakin ruwa ta shafi manoman ɓangaren biyu, akwai ma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan irin waɗannan ruwaye. Rigakafin dabbobi da na sanƙarau in ba a yi lokaci ɗaya ba, cutar tsallakowa take. Sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a gona ana yi masa aski, a Maraɗi ya bunƙasa tun shekarun 1980 har ya kai miliyoyin eka, manomin Katsina zai koye shi a yini biyu. Mu kuma mu koyi noman rani da sarrafa amfanin gona. Ga kokawa, wadda muke gasar takobi tun 1975. Inuwar da za a fake ma akwai ta, hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai ofis a Yamai.

Injiniya Lawal: Alhaji maganarka dutse, sai dai wa zai biya? Duka biyun aljihu ɗaya ne, babu kashi 1 cikin 100 na kowa. Ga iyaka da aka rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Ga Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Ga 'yan bindiga a dazukan da ke tsakanin Jibiya da Madarunfa.

Alhaji Issufu: Kuɗin tikitin mutum ɗaya zuwa Paris zai kai manoma mota guda Maraɗi ya dawo da su, Injiniya. Kuma ko lokacin da aka rufe iyakar, waya ba ta rufu ba, jami'in dabbobi na nan zai iya gaya wa na can cewa ciwon huhu ya ɓulla a kasuwa kaza. Ban ce a bar na nesa ba. Masu ba da tallafi ma sun fi sauraron garuruwa biyu da suka zo tare da matsala ɗaya.

Barista Hadiza: Wannan zai yiwu, amma gari na kan iyaka ya fi buƙatar a sanar da hukuma, har da jami'an tsaro da na shige da fice, kafin kowace ziyara. A rubuta takardar da Turanci da Faransanci da Hausa, tunda Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, a kuma faɗi wadda za a koma wa in fassara ta saɓa.

Malam Habibu, ga abin da za ka gaya wa mutanenka. Wasiƙar farko shafi ɗaya: su wane ne, yawan jama'arsu da sana'arsu, me ya sa wannan garin musamman, me za su bayar, da abu ɗaya da suke so a yi tare. Babu jerin buƙatu, babu adadin kuɗi. In an amsa, a yi shekara guda ana ganawa ta bidiyo da ƙaramin aiki ɗaya, a matsayin abota, kafin a sa hannu a babbar takarda. Ita kuma shafi 2 ko 3 ta isa: fannoni biyu ko uku, sunan ofishin da zai riƙe hulɗa a kowane ɓangare, wa ke biyan me, wa'adin shekara 3 zuwa 5 da za a sabunta bayan bita, da yadda za a rabu da sanarwar wata 6. Al'adar da aka saba ita ce baƙo ya biya jirginsa, mai masauki ya ɗauki kwana da abinci da zirga-zirgar cikin gari. In ba za ku iya biyan jirgin ba ku faɗa tun farko. Jadawalin aikin kowace shekara a yi shi daban a liƙa, don a iya canza shi ba tare da an sake taron sa hannu ba.

Malam Habibu: Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage: masarauta fa, ta sa hannu ko a'a?

Barista Hadiza: Ta sa a matsayin shaida, Malam, a ƙasan sa hannun ciyaman. Ita ba ta da hurumin ɗaure ƙaramar hukuma a kan kuɗi, amma ciyaman zai tafi hakimi yana nan. A ba fada kwafi ɗaya na asali, a ba Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi ɗaya, kwamiti ya riƙe ɗaya.